Shaidar Suruki a Rumfar Masara

Shekaranjiya ɗaya daga cikinku, ba sai na kama suna ba tunda ya san kansa, ya ɗaga min waya a ofishin nan ya ce, "Baba Tafireta, aikin nan naka fa ya koma na minti biyu. Ka gaya wa waya sunanka da abin da ka karanta, ta zubo maka si-bi da Turancin da ko Bature sai ya nemi ƙamus." Kuka kwashe da dariya, ni ma na taya ku. Ba ƙarya ya yi ba. Da na koma gida na gwada da kaina, wayar ta rubuto si-bin, wato bayanin karatuna da aikina, mai daɗin da har na ji ina ma ina da kamfani in ɗauki kaina aiki.

To, tunda ku ne za ku gaji teburin nan na ofishin da jami'a ta buɗe don taimaka wa waɗanda suka gama karatu su sami aiki, bari in gaya muku inda aikin yake. Ni ba ni da digiri, ban taɓa shiga ajin jami'a da sunan ɗalibi ba. Daga shagona na Funtuwa aka ɗauko ni, kwana uku a mako, saboda na haura shekara talatin ina buga wa mutane takardar neman aiki. A cikin waɗannan shekaru na gane bugun takardar shi ne mafi ƙanƙanta a sana'ar.

Takardar farko da aka bar ni na buga ni kaɗai ta wani dattijo ce mai neman gadi a kamfanin gurzar auduga. Lokacin ina koyo a wurin Baba Raimi, wani Bayarabe da ke da rumfa a bakin gidan waya. Kayan aikinmu ba su da yawa: tafireta mai nauyin dutsen niƙa, takardar kabon da muke mora har sai ta yi fari, farin ruwan goge kuskure, ambulan, kan sarki, da wani tsohon buroshin haƙori na share bakin haruffa. Wata shida na yi ina sharewa da canza zaren tawada kafin ya bari na taɓa madannai. Ranar da dattijon ya zo, Baba Raimi ya tafi cin abinci. Na zauna na zuba duk Turancin da na haddace, na mai da mutumin mai biyayya, mai ƙwazo, mai tawali'u, bawan kamfani har abada. Ina cikin jin kaina Baba Raimi ya dawo, ya zare takardar ya karanta, ya yage ta gida huɗu a gaban mai ita.

"Kai yaro," in ji shi da Hausarsa mai tsalle, "wannan mutum, ka tambaya shi komai?"

Ya jawo benci ya zaunar da dattijon, ya yi ta hira da shi kamar ba shi da aikin yi. Ashe mutumin ya yi shekara tara yana gadin siton jirgin ƙasa, kuma a zamaninsa ko buhu ɗaya bai taɓa yin ƙafa ba. Layi biyar Baba Raimi ya buga, aka ɗauki mutumin a makon. Ni kuwa aka mai da ni kan buroshi na wata guda.

Ya kamata a ce wannan darasi ya zauna min har in mutu, amma da kwamfuta ta zo sai na yar da shi. Na buɗe shagona, na sayi firinta da ɗan janareto, na zauna na tsara si-bi guda ɗaya mai kyan gaske, na adana. Duk wanda ya zo, sunansa da makarantarsa kawai nake canzawa. Shekarar da wata babbar hukuma ta buɗe ɗaukar ma'aikata, layin masu digiri a ƙofar shagona har bakin titi, masu Keke suna zagina na tare hanya. Kowa na ba shi hali iri ɗaya, ƙwarewa iri ɗaya. Har abin da mutum yake sha'awa iri ɗaya ne, wai karatu da tafiye-tafiye, alhali a cikinsu akwai wanda in ban da makaranta bai taɓa wuce Bakori ba.

Ko mutum ɗaya ba a kira ba. Daga baya wani akawu da ya ga yadda aka yi tantancewar ya ba ni labari. An jera takardun Funtuwa a kan tebur, aka ga kamar an buga su da hatimi, har wani ɗan kuskuren harafi da na yi a layi na uku yana jikin kowacce. Aka ce na jabu ne, aka tattara aka ajiye gefe. Magana ta zaga gari, aka ce hannuna ba shi da sa'a, shago ya koma sai ni sai ƙuda. Wanda ya fi tsaya min a rai wani manomi ne daga wajen Musawa. Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye min ambulan ɗin ɗansa a kan tebur ya ce, "Malam, damina biyar ina noma ni kaɗai don wanga yaro ya yi karatu. An karanta min takardar da ka yi mashi. Ba ɗana ba ne a ciki." Ya sa takalminsa ya fita. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, kuma na cancance ta.

Tun daga wannan shekara na kafa wa kaina doka biyu. Ba na taɓa madannai sai na zauna da mutum mun yi hira. Kuma duk wanda aka ƙi ɗauka bayan ya je intabiyu, sai na bi sawu na ji dalili. Akasari ba sa ɗaukar wayata, wasu su ce ba hurumina ba ne. Amma a cikin goma akan sami ɗaya da zai faɗa, kuma wannan ɗayan ya fi min duk littattafan da ke kan shiryayyen can.

Hirar nan kuwa ba ƙaramin aiki ba ce da yaranmu. Yaron Kudu in ka ce me ka iya, sai ka roƙe shi ya tsaya. Namu kuwa sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, Baba, karatun dai." Ka yi ta tono kamar mai haƙar rogo a ƙasa busasshiya, sannan ka gano shi ke tafiyar da gonar gidansu tun yana aji uku, ko ita ce ke haɗa matan unguwa suna sarrafa waken suya. Ba sa lissafa wannan a cikin aiki, saboda ba a ofis aka yi shi ba kuma ba a sa taye ba.

Haka Sagir ya zo min, shekarata ta biyu a ofishin nan. Dogo ne, mai sanyin magana, ɗan Dayi ta ƙasar Malumfashi. Ya karanta aikin gona, ya yi bautar ƙasa, ya dawo gida. Takardar da ya kawo min shafi ɗaya ce, wurin ƙwarewar aiki ya bar shi fari fat. Na ce tun da ka gama me kake yi? Ya ce yana ɗan taya wani Alhaji Ɗanladi mai hatsi zama a rumfa. Na ce zama kawai? Sai da muka shanye shayi kofi biyu na gano cewa tun yana ɗalibi yake tare da Alhajin, shekara shida ke nan. Shi ke bin kasuwanni yana sayo masara da dawa da waken suya. Shi ke soka ƙarfe a buhu ya zaro ƙwaya ya ciza ya ce wannan ta bushe, wannan da sauranta. Shi ya sa aka daina jibge buhu a ƙasa, aka koma ɗora su kan katako nesa da bango. Ya iya na'urar auna danshi ta makaranta, ya kuma iya ta haƙori.

Na ce, "Kai, Allah ya shirye ka. Wannan ne zaman rumfa?"

Ya yi murmushi ya ce, "Ai ba aikin gwamnati ba ne, Baba."

Muka cika shafi biyu da abin da ya yi da hannunsa, ba ƙari ko na kalma ɗaya. Da muka zo wurin masu shaida, wato mutanen da kamfani zai kira ya tambayi halinka, ni da bakina na ce a sa Alhaji Ɗanladi a farko. Wa ya fi shi sanin aikin yaron? Na ga Sagir ya ɗan yi jim kamar zai yi magana, sai ya fasa ya karanto min lambar wayar. Na ga jim ɗin nan da idona, na wuce shi saboda akwai mutum uku suna jira a waje.

Kamfanin farko, na iri da taki, sun kira shi, ya ci jarrabawa, ya yi intabiyu, har suka tambaye shi yaushe zai iya farawa. Daga nan shiru. Na buga waya har na gaji, ba wanda ya kula ni. Na biyu wani kamfani ne da ke sayen hatsi a hannun manoma da 'yan kasuwa yana adanawa, suna neman mai duba ingancin kaya a sitonsu na Funtuwa. In da ni na zana aikin da hannuna don Sagir, ba zai fi haka dacewa ba. Amma sun rubuta ƙarara ba sa son wanda ya haura shekara talatin, shi kuwa wata uku suka rage masa ya cika. Irin wannan sharaɗi yana jikin yawancin tallan aikin masu sabon digiri, kun sani. In wannan ya kuɓuce, ƙofofi da yawa za su rufe masa a lokaci ɗaya.

Ya je ya dawo da fara'a. Mako ɗaya, mako biyu, shiru ya sake sauka. Na nemo lambar mai kula da ɗaukar ma'aikatansu, wata Madam Nkechi, na kira ina shirin a kashe min waya. Sai ta amsa min da Hausa tas, ashe haifaffiyar Zariya ce, iyayenta 'yan kasuwa.

"Baba, zan gaya maka don ka damu ka kira," in ji ta. "Yaronku shi ya zo na ɗaya. Mai shaidarsa ne ya kashe shi. Na ce yaya aikinsa, ya ce ba laifi. Na ce riƙon amana fa, ya ce Allah ne masani. Na ce in ya bar ka ya dawo za ka sake ɗaukarsa, ya ce to, yaran yanzu sai addu'a. Na ce ka tabbatar min da sunansa, ya ce ai kin san shi tunda kin kira. Mutumin da ka yi wa aiki shekara shida ya kasa faɗin sunanka? Mu a wurinmu wannan yana nufin akwai abin da yake rufewa. Sito za mu damƙa masa, Baba, ba tsintsiya ba."

Na roƙe ta ta ba ni yini ɗaya kafin ta aika wa wanda ya zo na biyu takardar ɗaukar aiki. Ina ajiye waya na kira Sagir, ya hawo mota ya zo. Na rufe ƙofa na ce ya gaya min gaskiya, ya taɓa cin amanar Alhaji? Ya zaro ido ya rantse. Sun yi faɗa? Ya ce ko musu ba su taɓa yi ba. Na ce to me ke tsakaninku da ba zai iya kama sunanka ba?

Ya dubi ƙasa, ya murza hularsa a hannu, ya ce, "Baban maiɗakina ne."

"Wace daga cikin 'ya'yan?"

"Ta fari."

Na dafe kai. Mijin 'yar fari! Ku da kuka tashi a nan kun san abin da wannan yake nufi a gidajen da ba su saki al'ada ba. Ita kanta 'yar ba ya kiran sunanta, balle mijinta. Shekara biyu ke nan da auren, kuma tun ranar da aka ɗaura, Alhaji bai ƙara zama tabarma ɗaya da shi ba. Suna rumfa ɗaya, amma saƙo sai ta bakin wani, ko a yi maganar ana kallon buhu. Na ce don me ba ka gaya min ba? Ya ce, "Ba ka tambaya ba, Baba. Kuma in na ce a cire shi, ya ji labari, da wane ido zan dube shi?"

Gaskiyarsa. Na tambaye shi komai a kan masara, ban tambaye shi gidan da ya yi aure ba. Cire sunan kuma ba zai yiwu ba, don duk shekara shidan da muka rubuta a rumfar mutumin nan aka yi su, kuma kamfani ya ce lallai sai bakin wanda ka yi wa aiki na ƙarshe.

Na sake kiran Madam na gaya mata komai, ban ɓoye surukutar ba. Ta yi wata irin dariya ta ce, "Shi ya sa! Maƙwabcinmu a Zariya haka yake yi da mijin 'yarsa, in ya hango shi sai ya canza hanya." Sai kuma ta gyara murya. "Ni na gane, Baba, amma fom ɗin da zan kai wa manyana bai gane ba. Akwai gurabe, dole a cike su da abin da mutumin ya faɗa da bakinsa. Zan sake kira ranar Alhamis bayan azahar. Sau ɗaya."

Ranar Alhamis da hantsi na hau bas zuwa Malumfashi, na canza wata zuwa Dayi. Na ce wa Sagir kada in ga ƙeyarsa a kasuwa ranar. Na sami Alhaji Ɗanladi a rumfarsa, gajere mai farin gemu, yana zaune kan buhu da carbi, masu dako suna ta sauke masara. Muka gaisa, aka kawo min fura. Da na faɗi abin da ya kawo ni, fuskarsa ta canza.

"Malam, kai hwa ba yaro ba ne," in ji shi. "Ni zan buɗe baki in yabi mijin ɗiyata ga wata mace a waya? A ce Ɗanladi ya tsufa ya zubar da girma, yana tallan surukinshi kamar mai tallan goro? Yo ni me na ce maras kyau? Na ce ba laihi. Duk mai hankali in ya ji mutum ya ce nashi ba laihi, ai ya san an gama magana."

Sai a lokacin na gane bai san ya yi ɓarna ba. A ganinsa ya yi abin da mutumin kirki yake yi, har da ƙari. Da na ce masa maganarsa ce ta hana yaron aiki sau ɗaya, tana shirin hana shi na biyu, carbin ya tsaya a hannunsa. Amma ya ce shi dai ba zai iya ba, a nemi wani.

Ban ja da shi ba. Wanda ya yi shekaru yana hira da masu sunkuyar da kai ya san ba a shiga ta ƙofar da aka rufe. Na kurɓi fura, na miƙa hannu na ɗebi masara a wani buhu da ke buɗe, na ce kai, wannan ta yi kyau, wa ya sayo ta? Ya ce wancan, wato Sagir. Na ce na ji an ce shekarar da ruwa ya zarce har bayan girbi, masu hatsi da yawa a nan kayansu sun yi fumfuna. Ya gyara zama.

"Kai dai bari. Rumfar nan ta gabas, da ta bayanta, duk sun zubar. Ni ko tiya ɗaya ban zubar ba. Wancan ne ya hana ni saye mako biyu, ina faɗa ina kumfa, ya ce a jira ta bushe. Wadda muka riga muka saya ya sa aka zazzage aka shanya, buhu ɗaya-ɗaya, da kanshi yake juyawa."

Na ce da ka tafi Umara fa, wa ka bar wa rumfa? Ya dube ni kamar na yi tambayar wauta. Ya ce akwai wani? Ya ce ya dawo ya tarar har igiyar ɗinkin buhu da ta rage an naɗe an rataye masa. Ya ci gaba, ba na ma tambaya. Ya ba ni labarin wani dillali da ya taɓa jan Sagir gefe don a wuce da kaya masu tsakuwa, aka kore shi da kayansa. Sai da ya yi kusan rabin awa yana zuba, sannan ya lura da yadda nake kallonsa.

Na ce, "Alhaji, duk abin nan da ka faɗa, akwai yabo a ciki?"

Ya ce, "Abin da ya faru ne."

"To shi kaɗai ake nema. Ba wanda ya ce ka ce yana da kirki. In alƙali ya kira ka kan iyakar gona, ka san inda take, za ka ce Allah ne masani don mai gonar surukinka ne? Matar nan amanar mutane za ta damƙa, ta tambayi wanda ya sani. Kai ne ka sani."

Aka kira azahar, muka je muka yi salla muka dawo, ya koma kan carbinsa. Ni kuwa na ga alamar na yi asarar kuɗin mota. Muna zama waya ta yi ƙara a aljihunsa. Ya ciro ya duba, ya bar ta tana ruri har na ce za ta katse. Sai ya daka wa masu dako tsawa su ba shi wuri, ya juya ya ba ni baya, ya fuskanci tarin buhuna, ya ɗauka.

"Madam, kafin ki tambaye ni komai, rubuta wannan. Wanda kike magana a kai surukina ne, ɗiyata ke gidanshi. In kin ga dama ki rage rabin abin da zan hwaɗi saboda haka. Amma ni ɗan kasuwa ne, ban ba shi rumfata don yana aurenta ba. Na ba shi ita ne don na ga yadda ya riƙe rumfar."

Daga nan ya jero mata su kamar yadda ya jero min, shekarar ruwa, tafiyar Umara, dillalin tsakuwa. Gumi yana bin wuyansa har cikin riga. Ban ji abin da take cewa ba, amma na ji lokacin da ta kai tambayar ƙarshe, don ya maimaita ta da bakinsa. Ya ce, "In sake ɗaukarshi? Madam, ni ban san yadda zan yi in kun ɗauke shi ba. Amma ku ɗauka." Ya kashe waya, ya zauna yana kallon buhu. Da ya juyo, abin da ya ce min kawai shi ne in shanye furata kada ta yi tsami, kuma in wancan ya ji abin da aka yi a nan, ni da shi ne.

Ranar Litinin takardar ɗaukar aiki ta fito. Sagir ya zo ofishin nan da ita a cikin leda, ya miƙo min, ni kuwa ban tsawaita ba don akwai layi. Na dai yi farin ciki ranar, har na sayi tsire na kai gida. Tun daga kansa, duk wanda zai ba ni sunan mai shaida sai na tambaye shi me ke tsakaninsu, ko akwai aure, ko riƙo, ko sunan mahaifi. Sannan in kira mai shaidar da kaina, in ji yadda bakinsa yake, in gaya masa irin tambayoyin da za su zo. Na sami malamin allo da yake ganin yabon ɗalibi a bayan idonsa zai sa masa girman kai. Na sami hakimin da ba ya ɗaukar baƙuwar lamba. Duk waɗannan ba sa fitowa a takarda, komai kyan Turancinta.

Da kaka ta zagayo, ina shagona na Funtuwa ranar wata Asabar sai ga Alhaji Ɗanladi ya sauka daga Keke, ko sallamar kirki bai gama ba ya zauna a benci ya ce in ba shi ruwa. Ashe ya kawo wa kamfanin nan masara mota guda, kuma aka yi dace, ko rashin dace, ɗaya mai dubawar ba ya nan, sai Sagir.

"Ka ga abin da ka jawo min?" in ji shi. "Ya hango ni, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya zo ya durƙusa ya gaishe ni kamar abin kirki. Ya tashi ya ɗauki ƙarfenshi ya bi buhunan nan ɗaya bayan ɗaya. Sai na ga yana sa wa wasu jan alli. Goma sha ɗaya, Malam! Wai da sauran danshi. A gaban masu dako, a gaban direba. Ya gama ya dawo ya sake durƙusawa, ya ce Allah ya huci zuciyar Alhaji, waɗannan sai an ƙara shanya su."

Na ce to da danshin ko babu?

Ya harare ni. "Da shi mana. Sabon yaron da nake aikawa kasuwa bai san hagunshi da damanshi ba."

Na ce in ransa ya ɓaci ya yi haƙuri, aiki ne ya gaji haka. Ya shanye ruwan, ya ajiye kofin, ya miƙe yana gyara babbar riga.

"Ɓaci? Tun da ya ɗauki ƙarfen nan gabana ke faɗuwa, kada ya ji kunyata ya wuce su. Da ya karɓi buhunan nan, Malam, da ya mai da ni mai shaidar zur."